Aikin gida ya yi wa 'yata yawa gab da hutun Kirsimeti, ta ina zan rage?

Maman 'Yar Aji Huɗu

Sannunku 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin malamai da iyayen da suka san harkar firamare. 'Yata shekararta tara, tana aji huɗu a wata makarantar kuɗi a nan Jos. Tun da Nuwamba ya kama abin ya canja: kullum aikin gida a darasi uku ko huɗu, ga not da za ta kwafe, ga tes kusan kowace safiya. Ana tashi ƙarfe biyu, lesin ya riƙe su har uku da rabi, Talata da Alhamis kuma akwai koyon waƙoƙin Kirsimeti a coci daga biyar zuwa shida da rabi. Ba ta ajiye biro sai goma ta gota, kuma biyar da rabi ake tashinta. Saura mako biyu a fara jarrabawar zango. Haka ake yi ko'ina ne? Me zan iya ragewa makinta bai faɗi ba?

Malamar Firamare

Sannu Maman yara. Haka ake yi a makarantu da yawa, kuma laifin na lissafin makonni ne.

Zangon farko yawanci mako goma sha uku ne ko kusa da haka, daga Satumba zuwa tsakiyar Disamba. Makon farko yana tafiya a rajista da rabon littattafai. Akwai hutun tsakiyar zango, akwai hutun 1 ga Oktoba. Makonni biyu na ƙarshe na jarrabawa ne da haɗa sakamako, wanda ke gabansu kuma na bita ne. Abin da ya rage na koyarwa da ƙyar yake kai mako tara, alhali tsarin darussan da aka danƙa wa malama an rubuta shi kamar ba za a rasa ko kwana ɗaya ba. Sai ki ƙara da shirin bikin ƙarshen shekara, waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, wanda ke cinye darasin ƙarshe na kusan kowace rana daga tsakiyar Nuwamba. Duk abin da malama ba ta kai gare shi a aji ba, jakar yaro ake turawa. Tes ɗin da kike gani kullum kuwa, gurbin maki ne ake cikewa, don dole kowane darasi ya samu makin gwaji kafin a rubuta katin sakamako.

To ga inda za ki fara. Ki duba katin sakamakonta na bara ki ga yadda ake raba maki ɗari. A makarantu da yawa jarrabawa 60 ce, gwajin cikin zango 40, wasu kuma 70 da 30. A cikin 40 ɗin, sau da yawa tes biyu ne ke kwashe 30, aikin gida ya samu 10. Idan malama ta ba da aikin gida sau goma a darasi ɗaya cikin zangon, kowanne maki ɗaya ke nan. Yarinyar da ta kai goman dare saboda maki ɗaya, ta wayi gari tana gyangyaɗi a kan tes mai maki 15, kin ga an yi ciniki da faɗuwa.

Saboda haka idan ta dawo, ku zazzage jakar ku raba aikin kashi uku. Na farko abin da za a yi tes a kansa gobe. Na biyu Lissafi da Turanci, domin su ne ake gina darasin gobe a kan na yau. Na uku kwafe not, zane, da aikin kwali. Na farko da na biyu za ta yi, na uku ya jira Asabar. Idan lissafi ashirin aka ba ta iri ɗaya, ta yi goma, ki duba. In takwas sun yi daidai ta iya, sauran gajiya ce kawai. In biyar sun faɗi, ƙarin goma ba zai gyara ba, sai dai ya zaunar mata da kuskuren.

Ki saka iyaka da agogo. Akwai wani ma'auni da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka, minti goma ga kowane aji: aji ɗaya minti 10, aji huɗu minti 40, aji shida awa ɗaya. Da irin yawan darussanmu ki ba ta awa ɗaya, a raba biyu da hutun minti biyar a tsakani. Lokaci na cika, ki ja layi a inda ta tsaya, ki rubuta a ƙasa: ta yi awa ɗaya, nan ta kai, ki sa hannu da kwanan wata. Malama mai hankali ba za ta doke ta a kan wannan ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki yi mata aikin, kada yayyenta su yi mata. Littafin da ya dawo tsaf ba kuskure yana gaya wa malama an gane, sai ta wuce gaba, asiri ya tonu ranar jarrabawa.

Tsohon Hedimasta

Malama ta yi bayani mai kyau. Zan ƙara a kan yadda ake bita, don nan ne gidaje da yawa ke ɓata mako biyun.

Abin da aka saba shi ne a zaunar da yaro ya yi ta maimaita karanta not har ya haddace shafin. Ya ga kamar ya iya saboda idonsa ya saba da rubutun. A jarrabawa aka juya tambayar kaɗan, sai ya tsaya. Abin da ke zama a kai shi ne wanda aka fito da shi daga kai. Ta karanta shafi ɗaya minti biyar, ta rufe littafin, ta faɗa miki abin da ke ciki da Hausa, kamar tana ba ƙaninta labari. In ta iya faɗinsa da Hausa ta gane, sai ki ce ta sake faɗa da Turanci a jimla biyu ko uku. In da Turancin littafin kawai take iya rero shi, hadda ce ba fahimta ba. Gobe kafin sabon shafi, ki yi mata tambaya uku daga na jiya. Bayan kwana uku ki sake komawa kansa. Minti goma sha biyar sau huɗu a kwanaki daban-daban ya fi awa ɗaya a dare guda.

Kayan bitar suna cikin jakarta, ba sai an sayi komai ba: takardun tes ɗin da aka dawo mata da su da littafin aikin aji. Malamin da ya koyar shi ke fitar da tambayoyin jarrabawa, kuma daga nan yake ɗebo su. Ki bi duk inda jan biro ya soke, ki rubuta su a takarda ɗaya. Wannan takardar ce jadawalin bitarku.

A Lissafin aji huɗu, in kin bi kurakuran za ki tarar yawancinsu daga wuri biyu suke. Ko dai jadawalin sau bai zauna ba, musamman gidan 6, 7 da 8, ko kuma ba ta jera lambobi a ƙarƙashin juna daidai, ta manta abin da ta ɗauko ko ta ara. Yaron da bai san 7 sau 8 ba nan take, zai sha wuya a doguwar rabawa ko da ya san matakanta. Maganin na farko: ki yanka kwalin sabulu ko na madara gida ashirin, gaba 7 × 8, baya 56. Minti biyar da safe, wanda ta ci a ware shi gefe, wanda ta faɗi ya koma cikin tarin. Maganin na biyu littafin lissafi mai gida-gida, kowace lamba a gidanta.

Sai maganar zuwa makaranta. Kada ki kai ƙorafi a dandalin WhatsApp na iyaye, malama za ta ji an tozarta ta, kuma yarinyar ce a ajinta. Ki rubuta lokacin da aikin gida ya ci mata na kwana uku: darasi kaza, ta fara ƙarfe kaza, ta gama ƙarfe kaza. Ki je bayan an tashi, ki ga malamar aji tukuna kafin hedimasta. Abu uku za ki nema: jadawalin jarrabawa, jerin batutuwan da za a tambaya a kowane darasi, da kuma a gaya miki aikin da ake saka wa maki. A makarantun da kowane darasi da malaminsa, sau da yawa babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya ba da ranar. Kowa yana ganin nasa minti ashirin ne kawai. Malamar aji ce za ta iya haɗa su. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage yawan darussan firamare, aji ɗaya zuwa uku ya koma tara zuwa goma, don haka ba laifi ki ƙirga darussan da ke kan katinta ki tambayi dalilin kowanne a taron iyaye da malamai.

Baban Yara Kaduna

Baba Hedimasta, a gafarce ni, amma akwai gefen da ba a taɓo ba. Makarantun kuɗi da yawa ba su da aji shida a aikace. Daga aji biyar, wasu ma daga huɗu, ake tura yaro jarrabawar shiga sakandare. Ke nan karatun shekara shida ake cusawa a biyar, shi ya sa 'yar aji huɗu ke ɗauke da littafin aji biyar da lesin a kai. Kuma mu iyaye muke nema. Makarantar da ba ta ba da aikin gida mai yawa, sai a ce ba ta koyarwa, a cire yaro a Janairu. Ga batun wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na biyu, da za a yi ta tambaya a gidan kakanni lokacin hutu. In Maman yara ta rage aiki alhali sauran ajin suna gudu, ba za a bar 'yarta a baya ba?

Tsohon Hedimasta

Tambayarka a kan hanya take, Malam. Jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya hukumar NECO ke shirya ta, don 'yan aji shida aka tsara ta, kuma ba a Disamba ake yin ta ba, sai shekarar karatu ta yi nisa. Ba abin da zai sa 'yar shekara tara ta rasa barci a Nuwamba saboda ita. Abin da take aunawa Lissafi ne da Turanci da kimiyya da sanin zamantakewa, sai gwajin kaifin tunani na lambobi da na kalmomi. Duk waɗannan a hankali suke ginuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Binciken da Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke da ke Amurka ya tattara ya nuna alaƙar yawan aikin gida da samun maki a firamare ba ta da ƙarfi, sai a sakandare take fitowa sosai. Matsayi a aji kuwa, tsakanin ta uku da ta takwas wani lokaci matsakaicin maki biyu ne ko uku. Ku duba makin Lissafi da Turanci ɗaya-ɗaya, ku kwatanta da nata na zangon baya. In makarantar na shirin tsallakar da ita aji shida, wannan magana ce ta daban da ya kamata iyaye su zauna a kai tun yanzu.

Nas Mai Duba Yara

Maman yara, ni lissafin barcin ne ya tsaya min. Daga goma da 'yan mintuna zuwa biyar da rabi awa bakwai ne da ɗan kai. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. In biyar da rabi za ta tashi, takwas da rabi ta kasance a kwance. Daga nan za ki lissafo baya: abincin dare ƙarfe bakwai, littafi a rufe takwas. A cikin barci ne abin da aka koya da rana ke zama a ƙwaƙwalwa, don haka awa biyun da ake ƙara mata a kan tebur daga karatun nata ake cire su.

Ki lura da ciwon ciki ko ciwon kai da ke zuwa da safen ranar makaranta ya ɓace ranar Asabar, da cin farce, da kuka a kan ƙaramin abu, da dawowar fitsarin kwance bayan ta daina. Waɗannan alamun damuwa ne, ba ƙarya take yi ba, kuma duka na ƙara su. Amma in da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya, kada a ɗora wa jarrabawa. Sanyin Jos da ƙurar hunturu suna tayar da mura da asma a wannan lokacin, mai shaƙa maganin asma ta riƙa tafiya da abinta a jaka. In tana ƙanƙance ido ko kai littafi kusa da fuska, ko kullum not ɗinta bai cika ba, a duba idonta, wataƙila allon ne ba ta gani. Kada a ba ta kofi ko shayi mai ƙarfi da dare don ta jure. Da safe kuma ta ci abu mai riƙe ciki, kunu da ƙosai ko burodi da ƙwai, ba biskit a mota ba.

Maman 'Yar Aji Huɗu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba katin, 60 da 40 ne. Saura Talata da Alhamis: ba ma isowa gida sai kusan bakwai. Na cire ta daga waƙar ne?

Malamar Firamare

Kada ki cire ta, ita ce abin da take ɗoki a makon. Lesin za ki ɗage a ranakun biyu. Ki ɗauke ta ƙarfe biyu, ta ci abinci ta huta zuwa uku, ta yi awarta ɗaya daga uku zuwa huɗu da hasken rana, kin huta da jiran wuta. Bayan coci sai katunan sau na minti biyar, wanka, barci. Masu Islamiyya da yamma ma haka za su yi, boko kafin la'asar, hadda bayan asuba. Ki sanar da malamar aji a rubuce tun ranar Litinin, ki kuma tambaye ta ko a lesin ake yin wani tes ɗin, don wasu makarantun can suke saka shi.