Muhawara: Shin na'urar da ake dasawa a fuska tana warkar da idon da ya daina ƙiftawa?

Yayan mara lafiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ku taya ni jin takaici. Ƙanena ya yi hatsarin babur, ƙashin da ke bayan kunnensa na dama ya tsage, tun daga lokacin ɓarin fuskarsa ya shanye, idonsa ba ya rufuwa ko da yana barci, kuma da hunturun nan kullum idon jajir yake. Da muka je asibiti, abin da aka ce mana shi ne ko dai a ɗinke gefen fatar idon, ko a saka masa ɗan guntun zinare a cikin fatar ido ta sama domin nauyinsa ya riƙa janyo ta ƙasa. Alhali kuwa na karanta cewa a Amurka tuni an warkar da wannan ciwo ta hanyar dasa wata 'yar na'ura mai aika wutar lantarki, wadda take sa ido ya koma ƙiftawa. Me ya sa likitocinmu suke ɓoye mana wannan, ko kuwa talaka ne bai cancanta ba?

Ɗalibin likitanci: Wa'alaikumus salam Yaya, Allah ya ba shi lafiya. Sai dai cewar da ka yi "an warkar" ba daidai ba ce. Jijiyar fuska, wato ta bakwai cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ita ce take umartar tsokar da ta kewaye ido ta rufe shi, buɗewa kuwa aikin jijiya ta uku ce, shi ya sa idon ƙanenka yake buɗewa lafiya lau amma ya ƙi rufuwa. Na'urar da kake magana a kanta ba ta gyara jijiyar da ta lalace, abin da ake so ta yi kawai shi ne ta ɗauko alamar ƙiftawa daga lafiyayyen ɓangaren fuska, sannan ta tura 'yar wuta zuwa tsokar ɗaya ɓangaren domin idanun biyu su rufu tare. Ranar da aka kashe ta, idon zai koma yadda yake, saboda haka sandar gurgu ce, ba warkewa ba.

Injiniyan lantarki: Ƙanena, in aka bi ma'anarka ta warkewa, ai rabin abin da ake yi a asibiti ya fita daga lissafi. A shekarar 1958 aka fara dasa wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya a ƙasar Suwidin, kuma mutumin, Arne Larsson, ya rayu har 2001, bayan rasuwar likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar. Za ka iya duban iyalinsa ka ce musu bai warke ba? Wanda aka dasa wa na'urar ji a cikin kunne yana jin kiran salla, wanda idonsa ya koma ƙiftawa ya tsira daga makanta, ni a wurina wannan ita ce warkewa.

Ma'aikaciyar jinya: Injiniya, da girman kujerarka, warkewa tana da ma'ana a wurinmu, kuma muna ganin ta da idonmu. Mafi yawan masu karkacewar fuska suna da nau'in da aka sa wa sunan Charles Bell, likitan Sukotlan da ya bayyana aikin wannan jijiya a 1821, kuma kusan bakwai cikin goma na masu irin wannan suna komawa daidai ko ba a yi musu komai ba, adadin kuma yana ƙaruwa in an ba su maganin rage kumburi cikin sa'o'i 72 na farko. Wannan shi ne wanda ya warke, domin jijiyarsa ce ta farfaɗo, ba ya yawo da batir.

Injiniyan lantarki: Hajiya, to sauran ukun fa, da masu hatsari irin wannan yaro, da waɗanda aka yanke wa jijiya wajen cire ƙari a bayan kunne, da masu kuturta da idonsu yake bushewa har ya mutu? Su sai su zauna jiran farfaɗowar da ba za ta zo ba saboda kalmar batir ba ta yi miki daɗi ba?

Ɗalibin likitanci: Kafin a yi nisa, ina so a san cewa na'urar da ake dasawa ɗin ba ta zama magani da ake bayarwa a asibitoci ba, ko a Amurkar. An gwada dasa wayoyi a fatar idon dabbobi, musamman zomaye. A kan mutane kuwa, binciken da aka fi ambatawa shi ne wanda aka buga a 2015 daga Boston, inda aka manna wayoyin a saman fata, ba a ciki ba, ga mutum 40 da fuskarsu ba ta daɗe da shanyewa ba, aka samu cikakkiyar rufewar ido a kashi 55 cikin 100. Masu bincike a Tampere ta ƙasar Finlan su ma a saman fata suka yi nasu gwajin. Babbar matsalar ita ce jijiyar da ke kai jin zafi daga fuska, wato ta biyar, lafiyarta ƙalau, don haka mutum zai ji zafin wutar, kuma tsokar da ta daɗe ba ta da jijiya tana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ta motsa, ga shi mutum yana ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Ku ƙiyasta wannan tsikari tun daga asuba har dare.

Injiniyan lantarki: Kashi 55 ai ya haura rabi, ka ba ni hujja da bakinka.

Likitan gashin ƙashi: Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda ake maganar motsa tsoka da lantarki kamar jiya aka gano shi, alhali mu a sashenmu mun daɗe muna yi wa masu shanyewar fuska wannan, kuma waɗanda suke raina aikin namu su ne yau suke jinjina masa don an ce daga Boston ya fito. Da a ce tun farko ana turo mana marasa lafiya da wuri, da ba a kai ga maganar ɗinki ba.

Ɗalibin likitanci: Ranka ya daɗe, abin da kuke yi na 'yan mintuna a mako dabam ne da na'urar da za ta riƙa aiki duk yini, kuma har yanzu masana suna saɓani a kan amfaninsa, wasu ma suna tsoron yana iya ƙara matsalar nan ta haɗewar motsi, inda mutum zai yi murmushi sai idonsa ya runtse.

Likitan gashin ƙashi: Yaro, ka gama makarantar tukuna, sannan ka zo ka koya mini aikin da na fara tun kana firamare. Wannan ɗagawar ita ce take raba mu da ku a kowane asibiti.

Malamin Islamiyya: Jama'a a yi haƙuri da juna. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne zinaren da aka ambata, domin wani ya aiko mini a keɓe yana cewa haramun ne tunda mara lafiyar namiji ne. Wannan kuskure ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad a yaƙin Kulab, ya yi hanci na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi na zinare. Abin da aka hana namiji shi ne ado, wannan kuwa magani ne.

Wani mazaunin zaure: Allah gafarta Malam, ai shi Arfaja ba shi da zaɓi ne. Yanzu akwai na farin ƙarfen nan filatinum, wanda aka ce ya fi siriri don ya fi zinare nauyi in girmansu ɗaya, to ina lalurar take?

Malamin Islamiyya: Lalurar tana aljihun mai biya da kuma abin da likita ya samu a hannunsa, ba kai za ka yanke ta daga kan wayarka ba.

Yayan mara lafiya: Ikon Allah, na kawo kukana, kun koma rigimar kalma da ta muƙami da ta zinare, har yanzu babu wanda ya gaya mini dalilin da ya sa ake ɓoye mana na'urar.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, babu abin da aka ɓoye maka, abin da bai fito kasuwa ba ba a ɓoye shi. Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne tantanin da ke saman baƙin idon ƙanenka, domin in ya bushe ya yi gyambo, ganin ba ya dawowa cikin sauƙi. Ya riƙa ɗiga hawayen roba da rana, ya sa man ido da dare a rufe fatar da filasta, ya sa tabarau saboda ƙurar hunturu. Zinaren nan da kake rainawa, nauyinsa bai wuce kamar giram ɗaya ba, kuma ana iya cire shi in jijiyar ta farfaɗo. Sannan ku tambayi likita batun jona jijiya, ko daga ta harshe ko daga ta tsokar tauna, domin tsokar fuska in ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba jijiya takan lalace yadda jonawar ba za ta amfane ta ba.

Likitan gashin ƙashi: Kun gani ko, an lissafa komai amma ba a ambaci gashin ƙashi ba.

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita kafin in rufe zancen. Wadda ake mannawa a saman fata dai ta nuna alamar aiki a gwaji, tunda ɗalibinmu da kansa ya yarda cewa fiye da rabin waɗanda aka gwada wa idonsu ya rufu, kuma misalin da abokin aikina Injiniya ya kawo na na'urar zuciya babu wanda ya iya tunkuɗe shi. Ɓangaren asibiti sun tsaya a kan kalmar warkewa ne kawai, abin da ya saba faruwa duk lokacin da mafita ta fito daga hannun injiniyoyi. Batun zinare Malam ya warware shi, ƙorafin masu gashin ƙashi kuma a kai shi zauren ma'aikatan lafiya. Yayan mara lafiya, ka bi shawarar Hajiya ta wucin gadi kafin na'urar ta iso, duk wanda kuma ya sake rubuta wani abu a kan wannan batu zan goge shi.