Masu aikin kula a Birtaniya: wa ya taɓa riƙe waɗanda suka fito daga tsofaffin asibitocin nan na masu naƙasar ƙwaƙwalwa?

Maman Hanif: Salam 'yan uwa. Akwai wata tsohuwa mai naƙasar ƙwaƙwalwa a gidan da nake aiki, tun tana yarinya aka kai ta irin manyan asibitocin nan na bayan gari, ba ta fito ba sai da aka rufe wurin, to har yau in an zuba abinci sai ta kare farantin da hannu tana ta sauri. Ku ma kuna ganin haka?

Abu Sadiq: Sosai ma Hajiya. Nawa dattijon da takalminsa yake kwana ƙarƙashin filo, wai a can ba mai kayan kansa, in an wanko kaya wanda hannunka ya kai shi ne naka, har kamfai. Ranar da na tambaye shi suga nawa zan sa mishi a shayi kallona kawai ya yi, ashe su a babbar buta ake haɗo shi da madara da suga gaba ɗaya a zuba ma kowa.

Ummu Khairat: Wasu fa lafiyarsu lau. Dokar 1913 kan masu naƙasar ƙwaƙwalwa ta ba da dama a kulle har yarinyar da ta yi cikin shege in an ce tana da raunin hankali. Sai da asirin cin zarafin marasa lafiya a asibitin Ely na Cardiff ya tonu, rahoto ya fito 1969, sannan aka fara maganar rufewa, kuma aka yi ta jan ƙafa, Lennox Castle kusa da Glasgow sai 2002, Orchard Hill na ƙarshe a Ingila 2009.

Ɗan Katsina: Ni dai gaskiya ban ga an kyauta ba wajen yadda aka watsa su. Wanda nake kulawa da shi yana da aboki tun suna samari, aka kai kowa garinsa ba wanda ya tambaye su, yanzu ga ɗaki ga talabijin ga makulli a hannunsa amma daga mu ma'aikata ba mai leƙo shi, kullum sunan abokin nan yake kira. Na yi ma manaja magana ta ce za a duba, shiru.

Ummu Khairat: Kuma kar a ce an gama, ku tuna Winterbourne View da BBC ta ɗauka a ɓoye 2011, ƙaramin asibitin kuɗi ne na masu naƙasar ƙwaƙwalwa amma ana lakaɗa musu duka.

Maman Hanif: Ɗan Katsina gwada ma'aikaciyar walwalarsa, su ke da tsohon fayil, ƙila a gano inda aka kai abokin.