Haƙoran Mama suna girgiɗa kuma ta ƙi zuwa wajen likita, don Allah ku ba ni shawara

Autar Mama: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya tsaya min a rai. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana hannuna tun bayan rasuwar Baba. Ni ce auta amma ni aka bar wa komai, yayyena maza sai dai waya, babbar yayarmu kuwa in ta zo sai faɗa wai Mama ta rame, kamar ni nake hana ta abinci. Alhali ramar daga baki take. Haƙoranta biyu na gaba na ƙasa suna girgiɗa, in ta goge baki sai ta tofar da jini, kullum bakinta a bushe. Na saman na roba ne, tun Baba na da rai aka yi mata, yanzu sun yi mata yawa, in tana magana har ƙwas-ƙwas suke yi. Kwanan nan ta koma tauna da gefe guda. Na ce mu je wajen likitan haƙori, ta ce ba mai cire mata sauran, tsufa ne kawai. Tana dai shan magunguna. Ya zan yi?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ki sa ta dakata da buroshi tunda jini yake fita, ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri.

Anti Mai Jinya: A'a, kar ki hana ta goge baki! Jinin nan alamar kumburin dasashi ce, dattin da ya taru a gindin haƙora ke kawo shi, in ta bari abin ƙaruwa zai yi. Ki samo mata buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓa), safe da dare, minti 2, ta tofar kada ta kurkure nan take. Kuma ba ki faɗa mana magungunan ba. Na hawan jini ne? Da yawansu suna busar da baki, miyau kuwa shi ke wanke haƙora, in ya yi ƙaranci sai ruɓa ta kama saiwar da dasashi ya janye ya bari a fili. Wani ma kamar amlodipine yakan sa dasashi ya yi kauri. Tana da suga? Da haƙoran robar take kwana?

Autar Mama: Na hawan jini ne da wasu, sunayen ba sa kaina. Eh da su take kwana, ba ta son jikokinta su gan ta babu haƙora. Ni ba zan iya matsa mata a kan wannan ba gaskiya.

Anti Mai Jinya: To nan ma akwai gyara. Dole a cire su da dare, a wanke, a saka a ruwa. Kwana da su yana jawo jan kumburi a ganɗa, a tsofaffi har ana danganta shi da ciwon huhu. Yawan da suka yi mata kuma ƙashin muƙamuƙi ne ya motse bayan haƙora sun fita, likita zai iya yi musu ciko ko a sake wasu. Sannan ki haska bakinta da fitila, in akwai miki da ya kai mako 3 bai warke ba, ba a jira.

Dattijon Arziki: 'Yata, a cire mata sauran haƙoran duka a huta. Ni haka na yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai 60 ba su da haƙori ko ɗaya, ba ita kaɗai ba ce.

Anti Mai Jinya: Baba, da girmanka, yawan masu abu ba ya mai da shi daidai. Haƙorin mutum ko kaɗan ya rage ya fi na roba tauna, kuma na roba na ƙasa sun fi wuyar zama. Likita ne zai ga wanda zai tsira.

Uwargida: Ke dai kin yi sa'a taki uwa ce. Surukata nake jinya, na saya mata buroshi ta ce raina ta na yi, ta kai ƙarata wajen ɗanta. Shi kuma ko a jikinsa. Da na kai ta wani asibiti muka yini a layi aka ce mu dawo, tun daga nan ban sake ba.

Maman Biyu: To ko ta daina maganin da ke busar da bakin?

Anti Mai Jinya: Kul! Ba a tsayar da maganin hawan jini da ka. A kai kwalayen duka wa likitanta, shi zai canza in da hali. In akwai na tsinka jini a ciki, a sanar da likitan haƙori kafin ya taɓa ta. Kafin nan ta riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ban da alewa.

Autar Mama: Anti na gode, amma kuna magana kamar ban damu da ita ba. Duk wannan na ji, matsalata ita ce ba za ta je ba. Na lallaɓa, na yi fushi, na haɗa ta da yayanmu. Ɗaukarta zan yi?

Dattijon Arziki: Ki ce mata awon jini za ku.

Autar Mama: Baba, ƙarya ga mahaifiyata? Ranar da ta gane ba za ta sake bina ko'ina ba.

Uwargida: Ita yayar taku mai faɗa, me ya hana ta kai ta?