Rigasa ko Tudun Wada: wace ta fi jama'a?

Shawarar da aka fi nanatawa a muhawarar da aka yi kan unguwar da ta fi jama'a a garin Kaduna ita ce kada a auna unguwa da faɗin ƙasarta. Unguwar Rimi GRA fili ne har fili, amma gida guda a Tudun Wada, ɗakunan haya jere da juna, zai iya ɗaukar mutanen layi guda na can.

Wasu suka ce a koma ƙidayar 2006. Sai dai ta tsufa, kuma alƙalumanta da ke hannun jama'a na ƙananan hukumomi ne, ba na unguwanni ba. Rigasa tana Igabi, Sabon Tasha tana Chikun, ga shi duk Kaduna ake kiransu.

Ni shawarar ƙirga rumfunan zaɓe ta fi kwanta min, duk da ba ta lissafa yara.