Abin da muka tsayar kan saita injin gwajin jini

'Yan uwa ma'aikatan dakin gwaji na Jidda da Makka, ga abin da hirarmu ta tsayar. Kar ka amince da ruwan saita inji (ruwan da ake daidaita awon injin da shi) don kawai kamfani ya yabe shi, tambayi wane ma'auni aka jingina shi da shi, misali awon kiriyatinin (sinadarin jini da ke nuna aikin ƙoda) ya koma ga hanyar IDMS, wato hanyar awo ta asali da ake jingina sauran hanyoyi da ita, irin wannan jinginawar ce ISO 17511, ƙa'idar duniya kan ruwan saita inji, ke nema. Inda muka fi daɗewa shi ne samfurin gwada inji da aka busar ya zama gari, sau da yawa ba ya yin halin jinin majinyaci, inji biyu su daidaita a kansa amma su saɓa a jinin mutum, wallahi wannan na damuna. Manyanmu sun ce in sabon sinadarin gwaji ya iso, a fara kwatanta shi da tsohon a kan sabon jinin majinyata.