Laimar da jirgin ruwa ke ja a sama: wane suna za mu ba ta?

Daga Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema kan wata kalma. Akwai wasan nan da masu zuwa hutu bakin teku ke yi, wanda a Turanci ake kira parasailing, Faransawa kuma su ce parachute ascensionnel. Tunda 'yan kasuwarmu suka saba da hanyar Dubai, yaranmu kuma suna zuwa karatu Tunisiya da Masar, bidiyonsa ba ya yankewa a WhatsApp: mutum rataye can sama ƙarƙashin ƙatuwar laima mai launi-launi, ƙasansa ruwa iya ganin ido. In ka tambayi wanda ya turo mene ne wannan, ko ya ce "abin nan da ake tashi da shi", ko ya jefo maka Faransanci. Iyaye kuwa in aka nuna musu, hankalinsu tashi yake yi, domin ɗauka suke daga jirgin sama yaron ya faɗo.

Ba mamaki ba mu da suna. Daga nan zuwa Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, Chadi kuwa ba ta taɓa teku ta ko'ina ba. Amma abu ya riga ya shigo wayoyinmu, yaranmu suna hawa, dole a kira shi da wani suna.

Ga yadda yake. Ana sa wa mutum rigar da ke hana nitsewa, a ɗaure shi da ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, a maƙala ta jikin laimar. Doguwar igiya ce ta haɗa laimar da jirgin ruwa mai inji. Da jirgin ya ɗauki gudu iska ta cika laimar, sai ta ɗaga shi. A jiragen da aka ƙera don wannan aiki akwai na'ura a baya mai sakin igiyar kaɗan-kaɗan, in lokaci ya cika ta naɗe ta, mutum ya sauko kan dandamalin jirgin ko jiƙewa bai yi ba. Ana hawa mutum ɗaya, ana hawa biyu, har uku. Suna nake so gajere, wanda tsohuwa za ta ji ta gane, wanda kuma zai zauna cikin magana ba gargada.

Daga Marwa:

Wa alaikumus salam, Yaya. Na hau shi a tsibirin Jarba lokacin ina karatu a Tunisiya. Namu ba na dandamali ba ne, daga kan yashin gaɓa aka tashe mu. Mutane suka riƙe laimar a buɗe ta bayana, aka ce in jirgi ya ja in bi da gudu, kada in kuskura in zauna. Kafin in ankara ƙafafuna sun bar ƙasa. A can sama zaune kake cikin ɗamarar, ƙafa na reto, iska na kaɗa ka a hankali, ƙarar injin ma da ƙyar take iso ka. Kuma ba ka da ta cewa. Inda direban jirgin ya nufa nan za ka bi. Sai wajen sauka ne kawai suka yi ta busa mini usur in ja maɗaurin da ke kan kafaɗata don laimar ta karkato gaɓa. Ni dai tun ranar "lilon teku" nake ce masa, kuma duk wanda na faɗa wa ya gane.

Daga Garwa:

Lilon teku na da daɗi a baki, ƙanena, kuma kai da ka hau ka fi mu sanin yadda jiki ke ji. Abu biyu ne suka hana ni karɓa. Na farko, ba a teku aka fara abin ba. Wani Bafaranshe, Pierre-Marcel Lemoigne, shi ya ƙirƙiro laimar da ke iya hawa sama in an ja ta, a farkon shekarun 1960, kuma don koyar da masu dira daga jirgi aka fara amfani da ita: a ja mutum ya hau sama, a sake shi ya koyi sauka, ba sai an kashe kuɗin tayar da jirgin sama ba. Sai a shekarun 1970 wani Ba'amurke, Mark McCulloh, ya haɗa jirgin ruwa mai na'urar naɗe igiya, abin ya zama sana'ar bakin ruwa. Ana yinsa a tafki ma. Da wani zai kawo shi tafkin Lagdo nan kusa da mu, ka ga sunan ya tashi daga aiki. Na biyu shi ya fi damuna. Wanda ya ji "lilo" wasan yara zai kawo a ransa, ba zai tambayi komai ba kafin a ɗaure shi.

Daga Ngaundare:

Ɗana, ka fara daga abin da muke da shi. Hausa ta daɗe da sanya wa wannan ƙyalle suna. Sojan da ke dira daga jirgi "sojan laima" muke ce masa, irin waɗanda ake horarwa a barikin Kutaba da ke yammacin Kamaru, kuma ba wanda ya taɓa zaton laimar ruwan sama suke riƙewa. To laima ta zauna, ba sai an sake nema ba. Saura aikin da ake yi da ita. Ni "shawagin laima" na gani. Shawagi shi ne abin da shirwa ke yi in ta baza fiffike ta bar iska ta riƙe ta, kuma mun riga mun ba jirgin sama kalmar. Ga ta Hausa tsantsa, ga ta da kyau.

Daga Garwa:

Allah ya gafarta Malam, batun laima kun rufe shi, ba mai ja. Shawagi ne nake roƙon a ajiye mana shi don wani wuri. Wasanni uku ne ake yi da laima, kuma mutanenmu suna cakuɗa su. Akwai wanda ake dirowa daga jirgin sama. Akwai wanda Faransawa ke kira parapente, inda mutum ke tasowa daga kan dutse, kamar a ce daga duwatsun Mandara, da laima doguwa mai siffar fiffike, igiyoyin tuƙi a hannunsa, yana bin iska mai ɗumi da ke hawa sama. Wannan shi ne mai yin aikin shirwa sak, shi ya cancanci shawagin laima. Namu kuwa, kamar yadda ƙanenmu na Marwa ya faɗa, ba ya zaɓar inda za shi. In muka kashe kalmar a kansa, gobe me za mu kira wancan?

Daga Kusiri:

Ku dai kuna son wahalar da kanku. Mu da muke zuwa sarin kaya Dubai "farashut" muke cewa, kowa ya gane, an wuce wurin. Mun ari mota, mun ari rediyo, mun ari tebur, Hausa ba ta mutu ba.

Daga Garwa:

Hajiya, aro ba laifi ba ne, kuma in ƙarshe bakin jama'a ya tsaya kan farashut ba wanda zai iya hana shi. Sai dai matsalar da na kawo tun farko tana nan. Uwar da aka ce mata ɗanta ya hau farashut, jirgin sama za ta tuna. Faransawan da muka ara a wurinsu ma ba su tsaya kan kalmar ita kaɗai ba, sai da suka ƙara mata wata don su bambanta.

Daga Injamena:

Salamu alaikum. Na karanta duka. Hajiya ta yi gaskiya a kan aro, domin ita laimar ma daga Larabci ta zo, khaima, wato tanti, kuma yau ba Bahaushen da ke jinta baƙuwa. Amma ku duba abin da yaron Marwa ya faɗa, shi ne kan maganar: ba shi da ta cewa, inda aka ja shi nan yake bi. Mu nan da raƙuma ke ratsa mu kullum mun san sunan wannan igiya. Akala ke nan. Raƙumi ya fi mai jansa tsawo, ya fi shi ganin nesa, amma tafiyar a hannun na ƙasa take. Ku ce "laimar akala".

Daga Garwa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan nake nema ban san shi nake nema ba sai da kuka faɗa. Bari in tsaya a kansa, domin ba daɗin sauti kaɗai ya sa na kama shi ba.

Igiyar nan ita ce duk wasan. Ita ta raba shi da sauran biyun, kuma daga gare ta mafi yawan hatsarin ke fitowa. A 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahoto na musamman kan wannan sana'a, ta gano cewa tsinkewar igiya ce kan gaba wajen jawo rauni da mutuwa. Rana da ruwan gishiri suna cin igiya, ƙullin da ake yi mata ma yana rage ƙarfinta, sannan in iska ta taso farat ɗaya laimar sai ta ja da ƙarfin da ya wuce abin da igiyar ke ɗauka. Mutane suna zaton in ta tsinke ai laima ce, za ta sauke mutum a hankali cikin ruwa. A ranar da iska ta lafa haka ne. Amma ba a irin wannan rana igiya ta fi tsinkewa ba. Cikin iska mai ƙarfi laimar ba ta sauka, tafiya take da mutum, ta ja shi kan ruwa ko ta kai shi tudu ta haɗa shi da gini ko wayar wuta, shi kuma ba abin tuƙi a hannunsa.

Shi ya sa jihar Fulorida, bayan an yi asarar rayuka a gaɓarta, ta kafa doka a 2014: ba a tashin kowa in gudun iska ya wuce mil 20 a sa'a, wato kusan kilomita 32, ko in akwai hadari mai walƙiya cikin tazarar mil 7, kuma dole mai sana'ar ya kasance da inshora. Dokar sararin samaniyar Amurka kuma ta tsayar da tsayin a ƙafa 500, kusan mita 150. Ba kowace ƙasa da yaranmu ke zuwa take da irin waɗannan ƙa'idoji ba. Saboda haka wanda zai hau, shi zai duba wa kansa: ya kalli igiyar ko ta kode ko ta fara zarewa, ya kalli sama ko hadari na haɗuwa, ya lura ko bayan direba akwai wani a jirgin da aikinsa shi ne sa ido kan na sama. In ya ga sauran masu jirage sun ɗaure nasu sun zauna, ɗaya kaɗai ke kiran mutane, ya haƙura.

Wanda aka ce masa zai hau laimar akala, tambayar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce, wa ke riƙe da akalar? Wannan tambaya nake so sunan ya riƙa sa wa mutane a baki.

Daga Ngaundare:

Na yarda da hujjarka, amma ka tuna "raƙumi da akala" gori ne a wurinmu, ga wanda ba shi da ra'ayin kansa ake faɗa. Matashin da ya biya kuɗinsa ya hau, yana son ya yi alfahari, anya zai so sunan? Me zai hana a ce "laimar ja" kawai?

Daga Garwa:

Na juya laimar ja a baki, Malam, sai na ji za a ɗauka launi ake nufi, musamman da yake yawancinsu masu ja da rawaya ne. Batun gori kuwa, akala ba kullum take zagi ba. Muna cewa wane ya karɓi akalar mulki, muna cewa an juya akalar magana, ba wanda ke jin haushi. Sai an haɗa ta da raƙumi take cizo, mu kuma da laima muka haɗa ta. Ku gwada cikin magana ku ji: "Mun je Jarba, yara sun hau laimar akala." "Yau ba a hawan laimar akala, iska ta yi yawa." Ni ban ji inda ta yi tuntuɓe ba.

To ga inda na tsaya, in kun amince. Abin kansa laimar akala, yinsa hawan laimar akala. Na kan dutse mu bar masa shawagin laima da Malam ya kawo. Na jirgin sama kuma dirar laima, tunda dirar mikiya ta riga ta share mata hanya a kunne.

Daga Marwa:

Na janye lilon teku, Yaya. Na gwada wa kakata laimar akala ɗazu ba tare da na nuna mata hoto ba, ta ce to wa ke ja, mota ko doki? Na ce jirgin ruwa.

Daga Kusiri:

Ni a Dubai farashut zan ci gaba da ce wa masu jirgin, don shi suke ji. A gida na karɓi taku. Amma tunda za ku rubuta bayani, ku ƙara wa mata wannan: ɗamarar tsakanin cinyoyi take ratsawa, zani ko abaya kaɗai ba za su yi ba. Mace ta sa wando mai kauri a ciki, ta ɗaure gyalenta tamau, ta kuma tambaya tun a ƙasa ko za a bar 'yar'uwarta ko mijinta ya taimaka wajen ɗaura mata, ma'aikacin ya duba daga baya.