Wace rata ce ta dace a teburin sunuka?

Ɗan Jahun: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Akwai wani da muke buga sunuka tare bayan la'asar, kuma ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Yanzu ya ce mu riƙa sa kuɗi kaɗan, shi kuma zai ba ni rata, wato a ɗauke ƙwallaye biyu daga cikin bakwai ɗin nawa kafin a fara. Shin in karɓi wannan, ko akwai ratar da ta fi ta amfani ga wanda bai ƙware ba?

Na Wunti: Wa alaikumus salam. Kada ka karɓa, ƙanena, domin wannan ratar shi za ta yi wa aiki. Ƙwallayenka su ne suke tare masa hanya, suke toshe masa bakin rami, kuma a bayansu kake ɓoye farar ƙwallo idan ka rasa bugu. Duk wadda aka ɗauke an ƙara buɗe masa tebur, kuma gwani idan ya samu fili zai iya zuba nasa bakwai ya bi da baƙar ƙwallon da ake rufe wasa da ita ba tare da ka sake taɓa sanda ba.

Ɗan Jahun: Yaya, to idan na ce sai bayan bugun fasawa, wato bugun farko da yake watsa ƙwallaye, za a ɗauke, kuma ni zan zaɓi waɗanda za a ɗauke?

Na Wunti: Wannan ya fi, tun da za ka cire waɗanda suka maƙale a jikin bangon tebur ka bar masu tsare rami. Amma ka gwada faɗa masa haka, za ka ga ya fara ja da baya.

Malamin Lissafi: Ni a ganina rata ta zagaye ta fi ta ƙwallo sauƙin aunawa. A ce mutum yana cin ka shida cikin kowane goma. Idan zagaye ɗaya kuka yi, damarsa kashi 60 ce cikin ɗari. Idan kuka ce wanda ya riga cin uku, ta hau zuwa kusan 68, idan kuma biyar ne ta kai kusan 73, saboda tsawon wasa yana rage tasirin sa'a ya bar iyawa ta yi magana. Shi ya sa gwani kullum yake son a tsawaita. A wasan zuwa biyar ɗin, idan ya ba ka zagaye ɗaya kyauta har yanzu yana da kusan kashi 59, sai ya ba ka biyu sannan ya sauko kusan 42. Inda matsalar take shi ne, idan a gaskiya bakwai cikin goma yake cin ka amma ya nuna maka shida, to ko biyun ya ba ka yana nan da kusan kashi 65. Lissafin gaba ɗaya ya dogara ne a kan sanin ainihin ƙarfinsa, kuma shi kaɗai ya san wannan.

Kawu Mai Walda: Malam ya taɓo inda nake so in yi magana, kuma ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, domin na ga abin da idona a kan yaron da yake koyon aiki a wurina. Yaro ne mai hankali, hannunsa yana da kyau a walda, a sunuka ma ba laifi, har a unguwa ana cewa babu mai cin sa. Wani baƙo ya fara zuwa shagon da suke bugawa, yana riƙe sanda kamar bai saba ba, yana zubar da ƙwallo mai sauƙi, yaron yana cin sa ƙananan kuɗi yana murna. Da aka saba, sai baƙon ya ce tun da an fi shi a ba shi rata, a bar masa bugun fasawa kowane zagaye, kuma a ƙara kuɗin. Ku lura, wanda ya fi iyawa shi ne ya nemi rata, aka kuma ba shi. Daga nan ya fara ci, amma bai taɓa ci da tazarar da za ta tsorata yaron ba, kullum a kan baƙar ƙwallo ake rabuwa, yaron yana ganin saura ƙiris. Duk faɗuwa sai a ce a ninka domin ya fanshe. Wanda ya fara da naira 500 yana ninkawa, faɗuwa biyar a jere ta kai shi 15,500, ku lissafa da kanku. Ƙarshenta kuɗin da wani ya bayar na ƙarfen ƙofa aka taɓa, ni na biya daga aljihuna don kada sunan shagona ya ɓaci, mahaifin yaron kuma ya zo yana ba ni haƙuri cikin kunyar da ba shi ya jawo ta ba. Daga baya muka ji cewa cikin 'yan kallon da suke zuga shi akwai abokan tafiyar baƙon, su ma suna karɓar caca a gefe. Ɗan Jahun, ɗana, ban ce abokinka irin wannan ba ne. Abin da na sani shi ne, ranar da kuɗi ya hau tebur kowa ya samu dalilin ɓoye iyawarsa, kuma daga ranar ba za ka ƙara sanin ko kana ƙwarewa ba ko ana barin ka ne.

Baban Hanifa: Allah Ya kyauta. Allah Ya shirya mana zuri'a.

Ɗan Gwallameji: Kawu, wannan ɓoyewar har manyan duniya sun yi ta. Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda ya zama zakaran duniya a wasan ƙwallo tara a 1999, a 1985 ya shiga wata gasa a birnin Houston na Amurka da sunan Cesar Morales, ya kuma lashe ta.

Na Wunti: Wannan gasa ce mai alƙali da dokoki a rubuce, kada a haɗa ta da abin da ake yi a shagon unguwa.

Alaramma na Bakaro: Ina ta karantawa ina jiran wani ya faɗi abin da ya kamata a fara da shi. 'Yan'uwa, sa kuɗi tsakanin mutum biyu a kan wanda ya ci ya kwashe caca ce, yawan rata ko ƙarancinta ba ya canza hukuncin. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta ce a nisance su, ta 91 kuma ta ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla, kuma duk wanda ya daɗe a bakin teburin nan ya ga ukun. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca an umarce shi ya yi sadaka, tun kafin a yi ta ke nan. Ban hana kowa wasa ba matuƙar bai ci lokacin salla ba.

Ɗan Gwallameji: Allah Ya gafarta Malam, to wanda ya faɗi ya biya kuɗin tebur fa? Haka kowa yake yi, kuma mai shago ne yake karɓa.

Alaramma na Bakaro: Malamai da yawa sun sa shi cikin caca, domin kowannenku ya shiga ne bai san ko zai biya ko za a biya masa ba, sakamakon wasa ne zai yanke. Ku raba kuɗin biyu tun farko, ko ɗaya ya ɗauki nauyi don kansa.

Mai Tebur: Da girmamawa, Malam, idan aka bi wannan rabin masu zuwa wurina za su daina. Ni dai na hana ajiye kuɗi a kan tebur da cacar 'yan kallo, saboda duk faɗan da aka taɓa yi a shagona daga nan ya taso, kuma karyewar sanda ko yagewar ƙyallen tebur a kaina take ƙarewa.

Baban Hanifa: Alhaji, ai ba yawan ciniki ake tambaya ba, hukunci ake tambaya.

Mai Tebur: Na ji, amma ku ma ku san halin da masu sana'ar suke ciki, ga haya ga man janareta.

Malamin Lissafi: Alhaji, ka koma karɓar kuɗi a kan lokaci, kowane rabin awa da farashinsa, kowa ya biya rabonsa kafin a jera ƙwallaye. Ba ka yi asara ba, kuma ka fita daga maganar wa ya ci.

Na Wunti: In koma kan tambayar, idan an cire kuɗi rata abu ce mai kyau ƙwarai, kuma da ita ake koyo. Wadda na fi amincewa da ita ita ce mai motsi: ku fara da zagaye biyu a wasan zuwa biyar, duk ranar da ka ci a rage ɗaya, duk ranar da ya ci a ƙara ɗaya, cikin ɗan lokaci za ta tsaya inda ƙarfinku yake. Za ka iya ƙara masa sharaɗin ya faɗi ƙwallo da ramin da yake nufi a kowane bugu alhali kai duk abin da ya faɗa naka ne, ko kuma dole baƙarsa ta daki bango kafin ta shiga. Amma idan ya ce zai buga da hannu ɗaya ko da hagu, ka san ya daɗe yana gwada wannan shi kaɗai. Kuma duk abin da kuka shirya ku faɗe shi a gaban mutum na uku, har da hukuncin farar ƙwallo idan ta faɗa rami, domin kowane shago a garin nan da irin dokarsa.

Ɗan Jahun: Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Zan kai masa maganar rata mai motsi ba tare da kuɗi ba in ji abin da zai ce.

Mai Tebur: Malam, wannan na rabin awa, yaya zan yi da waɗanda lokacinsu ya cika suna tsakiyar zagaye ga wasu suna jiran layi?